Tabo a Aljihu na Huɗu

Shafi na 31

Masu cika min waya tun shekaranjiya da "wai yaushe Auta za ta rama?", to ku gyara zama. Masu cewa Yaya tana da uzuri, ku ma ku matso kusa, da ku nake.

*

Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna Auta ta tura ƙofar asibitin yayarta, jakar kyamara a kafaɗa, ƙaton ambulan a hammata. Wata goma sha huɗu rabonta da wurin. Ba abin da ya canza sai fenti, sai kuma allon bangon ɗakin jira da aka ƙara wa girma: Yaya cikin farar rigar likita, hannunta a kan na'ura, tana murmushin nan nata na wadda ba ta taɓa fasa ko kofi ba. A ƙasa an rubuta cewa ƙirƙirarriyar basira ce za ta zaɓa miki ƙwan da zai zauna.

Auta ce ta ɗauki hoton nan da hannunta. Har tsani ta hau ranar don haske ya faɗi daidai a fuskar Yaya, tana tsokanarta ta saki fuska kada marasa lafiya su gudu.

Mata goma sha ɗaya ne a kujerun jira, kowacce ta yi kamar ba ta san ta kusa da ita ba. Auta ce ta tara su. Dukkansu an zubar musu da ƙwai a asibitin nan bisa makin na'ura, kamar yadda aka zubar da nata. Malama, wadda ta girme su duka, wadda aurenta na shekara goma sha shida ya mutu wata biyu bayan fitowar sakamakonta, ta ɗago ido. Auta ta ɗan gyaɗa mata kai ta wuce.

Matar da ke teburin karɓar baƙi ta miƙe.

"Likita tana da aiki yanzu, sai dai ki..."

"Ni ƙanwarta ce."

Ko rage tafiya ba ta yi ba.

Yaya tana rubutu, tabarau a kan hanci. Da ta ɗago ta ga mai shigowa sai biron ya tsaya.

"Auta? Ikon Allah. Yau an tuna da mu?"

"Ina kwana, Likita."

Yaya ta ji wannan "Likita" har cikin ƙashinta. Tun Auta na rarrafe Yaya take ce mata, ko a gaban ma'aikata. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Zauna mana. Ya jikin? Ya mai gidanki Malam? Inna ta ce ko wayarta kin daina ɗauka sai kin ga dama."

"Hotuna na kawo miki."

"Na wane bikin?"

"Na zubar da 'ya'yana."

Yaya ta dubi ambulan ɗin da ke hammatarta.

Bakwai ne nata. Lokacin da aka gano ƙari ya ci gidan ƙwanta duka biyu, aka ce sai an cire, Yaya ce ta ce a kwashi ƙwan tukuna a haɗa da na mijinta, tunda mahaifar lafiya lau take. Bakwai suka kama. Kwana biyar suka yi a akwatin ɗumi, kyamara tana ɗaukarsu duk bayan minti goma, na'ura tana duba hotunan tana ba da maki daga ɗaya zuwa goma. Ba wanda ya wuce biyu a cikinsu. Yaya ta riƙe hannunta ta ce dasa irin waɗannan sayen ɓari ne da kuka, ta sa hannu a zubar. Ta sa hannu. Bayan mako guda aka yi mata aikin, ƙofar ta rufe har abada.

Yaya ta sauke ajiyar zuciya.

"Auta, mun wuce wurin nan. Na san ciwon bai warke ba, amma ƙaddara..."

"Buɗe labulen."

"Me?"

Auta ta zagaya da kanta ta yaye labulen, rana ta cika ofishin. Ta zaro hotunan daga ambulan. Ba a takarda ta wanke su ba, a leda ce mai shara-shara wadda haske ke ratsawa. Ta manna na farko a gilashin taga.

"Nawa na ɗaya. Kin gane shi? Ku kuka ba ni a faifai, wai na tarihi."

"Na gane."

"Dubi ƙasa ta hagu. Me kika gani?"

"Ɓaraguzai ne. Ƙwan da ke farfashewa haka yake nunawa, shi ya sa na'urar ta..."

"To."

Ta ɗora na biyu a kan na farko. Ta ɗora na uku, na huɗu, har bakwai. Ƙwayayen suka cakuɗe da juna, wani ya karkata nan wani can, amma inuwar nan ta ƙasan hagu, mai siffar yankakken farce, ba ta motsa ba. Duk ɗori sai ta ƙara baƙi a wuri guda.

"Duk na uwa ɗaya ne," in ji Yaya. "Ba mamaki su yi kama."

Auta ta yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Na san haka za ki ce. Wannan na Malama ne, tana waje. Ba uwarmu ɗaya ba. Wannan na matar direban motar asibiti ne. Wannan na wata ce da ko yarenmu ba ta ji, da hannu muka yi magana ta turo min."

Tana faɗa tana ɗorawa, har ledar ta yi kauri a hannunta.

"Shekara goma sha biyu ina ɗaukar hoto, Likita. In na dawo daga biki na ga amarya da tabo a kumatun hagu, gwaggonta da tabo a kumatun hagu, mai kiɗa ma da tabo a kumatun hagu, ba na cewa gado ne a danginsu. Kyamarata nake gogewa."

Auta ta nuna kusurwar ledar da yatsa.

"Hoto sittin da uku, mata goma sha biyu. A kusurwar kowanne akwai 'yar lamba, huɗu. Aljihu na huɗu na akwatin ɗuminki. Datti ne a idon kyamarar. Na'urarki mai basira ta ga datti ta ce 'ya'yanmu ne suka ruɓe."

Yaya ta koma ta zauna a hankali, ta haɗa yatsu a kan tebur kamar yadda take yi in za ta ba mara lafiya mugun labari.

"Ki saurare ni. Na'urar nan da hotuna dubu ɗaruruwa aka koya mata aiki. Tun da muka kawo ta mata nawa suka rungumi 'ya'ya a nan? Ki fita ki dubi bangon can. Ba ƙarya ta yi ba, abin da aka nuna mata ta faɗa. In an samu matsala a kyamara ɗaya, kuskure ne na kayan aiki, kuma mun gyara tun..."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka lura."

"Yaushe kuka lura?"

"Auta, ba zan iya tuna rana ba."

"Ni ban zo faɗa da na'ura ba. Ƙarfe ba shi da ƙanwa. Ke na zo wa."

Ta sake sa hannu cikin ambulan ta fito da takarda ɗaya, ta ajiye a gaban Yaya, ta danne da yatsa. Hoton shafi ne daga littafin gyare-gyare na ɗakin gwaji. A sama akwai rubutun Baba Shiru, tsohon da ke kula da ƙwayayen tun kafin a san wata na'ura: *Aljihu na huɗu hotonsa da inuwa. A dakatar da makinsa, a duba da ido.* A ƙasa kuma, da jan biro, rubutun da Auta ta sani tun yana gyara mata aikin gida na firamare: *A bar maganar sai baƙi sun tafi.*

"Karanta min kwanan watan."

Yaya ta kalli takardar, ba ta taɓa ta ba.

"To bari in karanta miki. Talata ce. Laraba kika riƙe hannuna a ɗakin nan, a kujerar nan, kika ce in sa hannu. Har hawaye kika yi, Yaya. Na koma gida ina ce wa Malam ban taɓa sanin kina sona haka ba."

Sunan ya kuɓuce mata ba da niyya ba, ta ji haushin bakinta.

"Masu kamfanin na'urar ne suka zo a makon," in ji Yaya can ƙasa. "Da 'yan jarida. Da na ce a dakatar da aljihu ɗaya, da sun tambayi dalili, da maganar ta fita. Na ɗauka ƙorafin tsoho ne, kin san Baba bai taɓa son na'urar ba. Wallahi ban ɗauka..."

"Kada ki sa Allah a ciki."

"Da na tabbatar, aikin gama ya gama. Me zan ce miki? Kina kwance da ɗinki a ciki."

"Sai kika yi shiru. Wata goma sha huɗu. Kina turo min addu'o'in haƙuri ta waya kowace safiya, da hoton fure."

Ta tattara ledojin daga taga ta jera su a tebur, a natse, kamar mai shirya wa amarya kundin hotunanta. Wannan natsuwar ta fi tsorata Yaya fiye da a ce ihu ta yi.

"Me kike so? Ki faɗa. Mu je gaban Inna in durƙusa miki, zan yi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Auta."

"Ke kin yar da bakwai, ba su ma ruɓe ba."

Ta dubi agogon bango. Sha biyu saura minti ashirin da biyar.

"Ba roƙo na zo ji ba, kallo na zo yi. Ranar Litinin na kai wa hukumar da ke sa ido a kan asibitoci kwafin duk abin da ke teburin nan. Sun ce sha biyu za su zo, yau. Matan da ke waje shaidu ne. Ni kuma na zo da wuri don in samu kujerar gaba, in ga fuskarki lokacin da za su sauke allon nan da na hau tsani na ɗauka. Kyamarata ma na zo da ita."

Makonni uku tana dafa maganar nan a ranta. Ta zaci Yaya za ta yi kuka, ko ta zage ta, ko ta ɗauki waya ta kira lauya. Ta shirya wa kowanne, har daɗinsa take ji tun kafin ya zo, don rama cuta ga macuci ibada ne, kuma ba ta jin kunyar cewa ta ƙosa ta yi wannan ibadar.

Yaya ba ta yi ko ɗaya ba. Fuskarta ce ta yi fari fat, ta miƙe har kujera ta bugi bango.

"Kin kai? Kin riga kin kai?"

"Tun Litinin."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Auta, kin kashe kanki."

"Ni? Ai ni an gama kashe ni tun bara."

Yaya ta ɗaga wayar tebur.

"Baba, ka zo ofis yanzu. Ka bar duk abin da kake yi."

Ba a yi minti biyu ba tsohon ya shigo da shuɗiyar rigar ɗakin gwaji, hular leda a kansa. Ya ga Auta, ya ga takardar da ke tebur, ya sunkuyar da kai. Shi ne ya bar mata littafin a buɗe a gidansa makonni uku da suka wuce, ya fita wai zai sha ruwa. Yaya ta murza makullin ƙofa.

"Ta kai mu hukuma, Baba. Sha biyu za su zo."

Baba Shiru ya dafa bango.

"Hukuma? 'Yata, ni na ɗauka gida za ki kai maganar. Na ɗauka gaban mahaifiyarku za ku zauna."

"Gida ya yi mata kaɗan, Baba. Kai ba ruwanka, rubutunka ma wanke ka zai yi."

"Faɗa mata," in ji Yaya.

"Kin sa na rantse ba zan faɗa ba."

"Na warware maka. Faɗa mata."

Auta ta dube shi, ta dubi Yaya.

"Me zai faɗa min?"

Tsohon ya cire hular ledar ya murƙushe ta a hannu. Mutum ne da in ya yi magana goma a wuni ma'aikata sai su ce yau Baba ya yi surutu.

"Ranar da takardarki ta zo a zubar, na ɗauko kwanon. Shekara talatin ina kallon ƙwai da idona. Na ce bari in duba su a tsohon madubina mai ƙara girman abu, ko don in yi musu sallama. Biyar sun daina girma, gaskiya, ko ba inuwa ba za su yi ba. Amma biyu..."

Ya dubi hular da ke hannunsa.

"Biyu ban taɓa ganin masu kyawunsu a shekarar ba. Hannuna ya ƙi. Na daskarar da su, na sa a ƙasan tankin sanyi, ban rubuta suna ba, ban shigar a littafi ba. Suna nan."

Auta ba ta san lokacin da ta zauna ba. Jakar kyamarar ta zame daga kafaɗarta ta faɗi ƙasa, abin da ba ta taɓa bari ya faru ba.

"Suna nan ina?"

"Bayan bangon nan. Taku goma sha biyar."

"Da rai?"

"In Allah ya yarda. Sanyi ba ya ɓata su. Duk mako ni nake ƙara wa tankin iskar daskarewa da hannuna."

Ta dafe cikinta, daidai inda tabon ɗinkin yake. Kayan jarirai biyu da ta saya tun kafin a kwashi ƙwan, ta kyautar da su. Ta roƙi Malam ya je ya nemi haihuwa a wani wuri, ya ce in ta sake faɗa zai yi fushin da bai taɓa yi ba. Ta daina karɓar aikin ɗaukar hoton jarirai, ta ce wa mutane bayanta ke ciwo. Duk wannan, 'ya'yanta suna kwance taku goma sha biyar daga inda yayarta ke shan shayi.

Ta ɗago ido, ba tsohon ta kalla ba.

"Yaushe kika sani?"

"Bayan wata ɗaya ya faɗa min."

"Wata goma sha uku ke nan."

"In na ce miki suna nan, dole in ce miki me ya sa. In na faɗa miki, sauran matan fa? Nasu an zubar da gaske. Ina ta neman hanyar da zan..."

"Kin zo gidana ranar da na sha magungunan nan aka kai ni asibiti. Kin zauna a bakin gadona kina shafa min kai. Lokacin kin sani?"

Yaya ta kau da kai.

"Ki amsa min. Kin sani?"

"Na sani."

Auta ta miƙe. Ba ta taɓa ɗaga wa Yaya hannu ba a rayuwarta, yau ma ba ta ɗaga ba, amma sai da Baba Shiru ya matso ya tsaya a tsakaninsu.

"Ba ni su. Yanzu. In kai su wani asibitin."

"Da wace takarda? A rubuce babu su, Auta. A rubuce an zubar da su bara, da sa hannunki a ƙasa. Ba asibitin da zai karɓi ƙwai mara suna daga hannun mace a jaka. Ko fita da su daga sanyi ba za ki iya ba, minti kaɗan sun mutu."

"To ki rubuta sunan. Ga biro nan."

"Littafin tankin yana da kwafi a hukuma, duk wata muke aika musu. Ba yau zan ƙara layi ba su gani ba."

Yaya ta zagayo teburin, muryarta ta sauka, ta koma irin ta likita mai bayani.

"Ki fahimci abin da kika jawo. In suka rufe ɗakin gwaji, duk ƙwan da ke da suna za su kwashe su kai wani asibiti, masu shi su bi su can. Wanda ba shi da suna, ba su san na waye ba, ba su san ko da cuta ba. Ƙa'idarsu ɗaya ce a kansa, zubarwa."

"Sai in ce nawa ne."

"Ke da kika kawo ƙara cewa an zubar da naki duka? Sai wanda ke da asibitin ya tabbatar a rubuce."

"To ki tabbatar."

Yaya ta girgiza kai.

"Dattin kyamara sakaci ne. Za su rufe ni wata shida, shekara, in dawo. Amma ɓoye ƙwan mara lafiya ba takarda, a ce masa an zubar, wannan ba rufe asibiti ba ne. Ɗauri ne, ni da Baba."

"Ni na yarda," in ji tsohon. "Na tsufa, ko ina aka kai ni..."

"Ba a tambaye ka ba, Baba."

Agogo ya nuna saura minti tara. Yaya ta kamo hannun Auta, Auta ta fizge.

"Hanya ɗaya ce. Ke mai hoto ce, kowa ya san abin da mai hoto ke iya yi da kwamfuta. Ki ce baƙin ciki ne ya sa kika taɓa hotunan, kika sa inuwar da kanki. Takardar nan ki ce ba ki san inda ta fito ba. Za su yi miki faɗa, ni zan ce na yafe, ƙanwata ce ba ta da lafiya. Su sha ruwa su tafi ba tare da sun buɗe tanki ba. Wata mai zuwa in shirya mahaifarki a dasa miki. Ba wanda zai sani."

"In ce ni ce maƙaryaciya."

"Ki ce ke uwa ce mai son 'ya'yanta."

"Matan da ke waje fa? Malama da aka saka saboda dattin kyamararki?"

"Nasu ya tafi, ko an ɗaure ni ba zai dawo ba. Naki yana nan."

Ka ji mugunta da lissafi. Auta ta tsaya tana kallon matar da ta goya ta, ta yi mata kitso, ta raka ta makaranta ranar farko, tana neman inda za ta ƙara tsanarta ta rasa, don wurin ya cika. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne maganar ta shige ta. Tana jin ta tana zama a ƙirjinta, tana neman wuri.

"Ko na yi," ta ce a hankali, "ko an dasa, ko na haifa, ki sani ban yafe ba. Ba za ki taɓa ɗaukarsu ba. Ba za su san suna da wata uwa a wajenki ba. Ranar da na sauka lafiya, ranar zan dawo kanki."

"Na ji. Ki dawo. Yau dai ki ce kin taɓa hotunan."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Saura minti shida, amma ma'aikatan hukuma ba su jira cikar sha biyun ba.

Yaya ta gyara rigarta, ta mayar da tabarau, ta buɗe. Wata mata ce doguwa mai furfura a goshi, katin aiki a wuya, fayil a hannu. Bayanta maza biyu, ɗaya da akwatin ƙarfe. Can bayansu kuma, a bakin ɗakin jira, matan nan goma sha ɗaya sun miƙe tsaye, Malama a gaba.

"Ni ce shugabar masu binciken," in ji matar. "Wane ne mai kula da ɗakin gwaji?"

Baba Shiru ya ɗaga hannu.

"Ka raka abokan aikina, da makullan komai."

Yaya ta yi saurin cewa, "Ranki ya daɗe, ina ganin in kika fara jin ta bakin mai ƙarar, ba sai an..."

"Za mu ji. Su ma za su yi nasu."

Tsohon ya waiwayi Auta sau ɗaya, ya bi su.

Shugabar ta zauna ba tare da an ba ta kujera ba. Ta buɗe fayil, ta fara da Yaya: yaushe aka sayi na'urar, wa ke goge kyamarorin, duk kwana nawa, akwai mai duba ƙwan da ido bayan na'ura ta ba da maki ko babu. Yaya tana amsawa tiryan-tiryan, har da ɗan murmushi. Kusan rabin awa aka ɗauka ana wannan. Auta ba ta ji rabin abin da aka ce ba, kunnenta yana bayan bango, inda take jin ana jan wani abu mai nauyi a ƙasa.

Sai matar ta juyo.

"Ke ce mai ƙarar?"

"Ni ce."

"An ce sana'arki hoto. Dole in tambaye ki, kuma ki sani amsarki za ta shiga rubutu. Hotunan nan sittin da uku, yadda aka ba ku su haka kika kawo mana? Ba ki ƙara komai ba, ba ki rage ba?"

Ƙofar ofishin a buɗe take. Malama tana tsaye a bakinta, ta rungume jakarta a ƙirji, tana jiran a faɗi gaskiyar da aka tara su dominta. Yaya kuma ta kafe Auta da ido ta saman tabarau.

Auta ta buɗe baki.

"Hotunan..."

"Ranki ya daɗe."

Ɗaya daga cikin mazan ne ya dawo, safar hannu mai kauri har gwiwar hannu, takarda a ɗaya hannun.

"Mun ƙirga tankin sau biyu. Littafi ya ce arba'in da ɗaya, mun samu arba'in da uku. Biyu suna can ƙasa, ba suna, ba lamba. Tsohon ya ƙi magana."

Shugabar ta ajiye bironta. Ta juya ga Yaya.

"Likita, biyun na waye?"

Auta ta dubi yayarta. Duk tsanar da ta zo da ita ta ajiye ta gefe, ta dube ta da idon da take dubanta da shi tun suna yara in ta yi laifi tana so a rufa mata. Kalma ɗaya kawai take roƙo.

Yaya ba ta kalle ta ba. Ta gyara zaman tabarau, ta ce da murya mai sanyi:

"Ba na kowa ba ne. Ragowar gwajin na'ura ne, an manta ba a zubar ba."

Shugabar ta rubuta, ta ɗago ta dubi mai safar hannun.

"To a fito da su."